TARIHI: Edwin Land, masanin launi da kyamararsa ta yi wa mulkin wariya hidima

A watan Fabrairun 1971, ƙungiyar masana fiziks ta Amurka ta yi babban taronta na shekara a birnin Niyok, ta kuma gayyaci Edwin Land ya yi jawabi kan yadda idon ɗan Adam yake ganin launi. Land yana da shekara 61 a lokacin. Shi ya kafa kamfanin Polaroid, shi ke riƙe da ragamarsa, kuma da wuya a sami gidan masu hali a Amurka da ba a san kyamararsa mai fitar da hoto nan take ba. Kafin ya kai ga fara jawabin, sai wasu baƙaƙen fata biyu da suka fito daga cikin ma'aikatansa suka karɓi abin magana: Caroline Hunter, matashiya masaniyar sinadarai, da Ken Williams, mai ɗaukar hoto. Su ma zancen launi ne ya kawo su, amma launin fata. Sun zo su shaida wa mahalarta taron cewa da kayan Polaroid ake ɗaukar hotunan da gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu take liƙawa a littafin fas, takardar da ta ɗaure miliyoyin baƙaƙe a ƙasar haihuwarsu.

Duk mai ɗaukar hoto da waya a yau yana cin moriyar tambayar da Land ya shafe fiye da shekara 30 yana bi: me ya sa farar takarda take zama fara a idonmu da hantsi, da la'asar sakaliya, da kuma ƙarƙashin ƙwan lantarki, alhali hasken da ke tasowa daga kanta ya sha bamban a kowane lokaci? Amsar da ya bayar tana cikin tushen abin da kyamarori ke yi idan suna daidaita fari. Sai dai tarihinsa bai tsaya a ɗakin gwaji ba. Ya bi ta fadar shugaban Amurka, ya bi ta hukumar leƙen asiri ta CIA, ya kuma bi ta ofisoshin fas na Afirka ta Kudu.

Ɗalibin da ya bar Harvard sau biyu

An haifi Edwin Herbert Land ranar 7 ga Mayun 1909 a garin Bridgeport na jihar Connecticut. Iyayensa Yahudawa ne masu asali daga gabashin Turai, mahaifinsa kuwa saye da sayar da tsoffin ƙarafa yake yi, wato babban ɗan gwangwan. Tun yana yaro ya maƙale wa wani littafin ilimin haske na Robert Wood, kuma babin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne na tace haske.

Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, yana kaɗawa ta kowace fuska. Ƙyallin da ke tasowa daga kan ruwa ko kwalta yana kashe ido, yawancinsa ta fuska ɗaya yake kaɗawa. Don haka idan aka sami rariyar da ke tare wannan fuskar ta bar sauran su wuce, an yi maganin ƙyalli. Tun a 1852 wani likita ɗan Ingila, William Herapath, ya gano cewa haɗin aidin da kwinin yana samar da ƙwayoyi masu wannan hali. Matsalar ita ce ƙwayoyin ƙanana ne kuma masu saurin karyewa, masana suka yi shekara saba'in suna ƙoƙarin girmar da su abin ya ci tura.

Land ya shiga Jami'ar Harvard a 1926, ya bar ta bayan shekara guda ya tafi Niyok. Da rana yana karatu a babban ɗakin karatu na birnin, da dare kuma yana satar shiga wani ɗakin gwaji na Jami'ar Columbia don amfani da na'urorinsu. A nan ya juya matsalar ta koma kanta ƙasa: ya bar neman babbar ƙwaya guda, ya niƙe ƙwayoyin suka zama miliyoyin allurai da ido ba ya gani, ya jera su duka suna fuskantar gefe ɗaya a cikin fallen roba. Ya nemi takardar mallakar wannan ƙirƙira a 1929, yana ɗan shekara 19, shekarar da ya auri Helen Maislen ya kuma koma Harvard. A 1932 ya sake ficewa ba tare da digiri ba, suka buɗe ɗakin gwaji shi da malaminsa George Wheelwright. Wannan ne ya zama kamfanin Polaroid a 1937.

Babban burinsa a lokacin shi ne a sa rariyar a fitilun motoci da gilashinsu na gaba, don kada hasken motar da ke tahowa ya makantar da direba da dare. Kamfanonin motoci na Detroit sun saurare shi shekara da shekaru, a ƙarshe suka ƙi. Abin da ya riƙe kamfanin shi ne tabaran rana, da matatar da ake sa wa bakin kyamara, sai kuma kwangilolin soja a Yaƙin Duniya na Biyu.

Hoto cikin minti ɗaya

A ƙarshen 1943 iyalin suna hutu a Santa Fe, Land ya ɗauki 'yarsa Jennifer hoto, ita kuwa mai shekara uku ta nemi sanin dalilin da ya hana ta ganin hoton nan take. Bisa labarin da shi kansa ya sha bayarwa, ya fita yawo shi kaɗai, kafin ya dawo ya tsara yadda kyamarar da fim ɗinta za su kasance. Aiwatarwar ta ci shekara uku. Dabarar ita ce a cusa ɗakin wankin hoto gaba ɗaya cikin kyamara: ana haɗa takardar ɗauka da takardar bugawa, da wata 'yar jaka ta sinadari a tsakaninsu, idan aka jawo su ta tsakanin marfi biyu na ƙarfe masu juyawa sai jakar ta fashe, sinadarin ya bazu, hoto ya fito.

Ya nuna abin a bainar jama'a ranar 21 ga Fabrairun 1947, aka fara sayar da kyamarar a wani kanti a Boston a ƙarshen Nuwamban 1948 kan kusan dala 90, kuma 'yan dozin ɗin da aka kai sun ƙare a rana guda. Hotunan farko ruwan ƙasa suke fitowa. Fim mai launi sai a 1963, bayan wani ma'aikacinsa Howard Rogers ya kwashe shekaru yana gwada dubban sinadarai. A 1972 aka fitar da SX-70, wadda ke tofo hoto ya bayyana a tafin hannun mai shi.

Wani abin lura game da Land a matsayin shugaba shi ne yadda yake ɗaukar ma'aikata. A zamanin da ɗakunan gwaji na maza ne zalla, shi yana ɗauko 'yan mata daga Kwalejin Smith, galibi waɗanda suka karanta tarihin zane-zane, ya koya musu kimiyya a bakin aiki. Ɗaya daga cikinsu, Meroë Morse, ta kai ga shugabantar sashen binciken fim baƙi da fari.

Idon gwamnati a sararin sama

A 1954 Shugaba Eisenhower ya kafa kwamitin masana ƙarƙashin James Killian don duba yadda Amurka za ta kare kanta daga harin ba-zata na Tarayyar Sobiyet. Land aka ba sashen leƙen asiri. Shi ne ya matsa wa CIA lamba ta rungumi wani jirgi da rundunar sojin sama ta riga ta ƙi, mai tashi sama da ƙafa 70,000 ɗauke da kyamara, shi da Killian kuma suka shawo kan Eisenhower ya amince. Wannan jirgi shi ne U-2. Ya fara keta samaniyar Sobiyet a Yulin 1956. An harbo ɗaya ranar 1 ga Mayun 1960 aka kama matuƙinsa Gary Powers da rai, kuma irinsa ne ya ɗauko hotunan makamai masu linzami a Kyuba a Oktoban 1962. Land yana cikin waɗanda suka tsaya wa shirin taurarin ɗan Adam na leƙen asiri mai suna Corona, ya kuma ci gaba da ba shugabannin Amurka shawara har cikin shekarun 1970.

Wannan ɓangare na rayuwarsa yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Mutumin da ya koya wa gwamnatinsa cewa hoto makami ne ba zai iya cewa bai san abin da wata gwamnati za ta yi da kyamara ba.

Daren da ja da fari suka haifi kore

A 1861 James Clerk Maxwell, masanin nan ɗan Sikotland, ya nuna wa jama'a a Landan cewa za a iya gina hoto mai launi daga hotuna uku baƙi da fari: ɗaya an ɗauka ta gilashi ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, sannan a haska su da majigi uku a kan allo guda, kowanne ta gilashinsa. Daga nan aka ginu a kan cewa launin kowane ɗigo ya dogara ne da yawan ja, kore da shuɗin da ke fitowa daga wannan ɗigon. Kamar rediyo, haske ma yana da zango: ja shi ne dogon zango, kore matsakaici, shuɗi gajere, kuma a tantanin bayan ido akwai ƙwayoyi iri uku da kowannensu ya fi kama zango ɗaya.

A 1955, suna neman hanyar yin fim mai launi, Land da mutanensa suka maimaita gwajin Maxwell. Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa wani dare ana tattara kaya, an kashe majigin shuɗi an kuma cire gilashin kore, sai ya rage haske ja daga majigi ɗaya da farin haske daga ɗayan. A ƙa'ida ba abin da ya kamata a gani sai ja da ruwan hoda. Meroë Morse ce ta lura cewa allon yana nan cike da launuka, har da kore da shuɗi-shuɗi. Land ya ba ta amsa a gurguje cewa sabon ido ne kawai, ya tafi gida. Cikin dare abin ya hana shi barci, ya tashi ya koma ɗakin gwajin.

Ya wallafa sakamakon a mujallar Scientific American a 1959, ya kuma sha suka. Masana irin su Deane Judd sun ce ba sabon abu ya gano ba, domin tun ƙarni na 18 da na 19 an san cewa ido yana gyara launi bisa abin da ke kewaye. Suna da gaskiya a wannan, kuma Land ba mutum ne mai yawan yaba wa magabata ba. Amma abin da ya yi daga baya ya wuce abin da suka yi: ya auna abin, ya kuma nemi lissafin da zai bayyana shi.

Shi da John McCann suka liƙa takardu masu launuka daban-daban a kan babban allo, kamar zanen da aka ɗinka da ƙyallaye, suka sa masa sunan mai zanen nan ɗan Holan, Mondrian. Suka haska allon da majigi uku, dogon zango, matsakaici da gajere, kowanne ana iya ƙara shi ko rage shi. Da farko suka auna hasken da ke tasowa daga farar takarda zuwa idon mai kallo, suka rubuta adadin kowane zango. Sannan suka juya majigan har sai da koriyar takarda ta aiko wa ido daidai waɗancan adadi uku, ba ragi ba ƙari. Da a ce hasken da ke shiga ido shi kaɗai ke yanke hukunci, da koriyar ta koma fara. Ta ci gaba da zama koriya. Suka yi haka da ja, da rawaya, da shuɗiya, kowace ta riƙe launinta. Sai an rufe sauran allon, an bar takarda ɗaya tilo cikin duhu, sannan launinta yake sauyawa ya bi hasken.

Ma'anar ita ce ido da ƙwaƙwalwa suna kwatanta kowane yanki da maƙwabtansa, a kowane zango daban, su gano wanda ya fi kowa haske su ɗauke shi ma'auni, sannan su auna saura da shi. Ta haka ake cire tasirin fitila a bar launin abin da kansa. Land ya kira wannan tsari Retinex, kalmar da ya haɗa daga sunan tantanin ido da na ɓawon ƙwaƙwalwa, domin ya ga aikin na su biyun ne. Shi da McCann suka fitar da cikakken bayaninsa a 1971. Wanda ya tuna rigar nan da ta raba kan masu amfani da intanet a Fabrairun 2015, wasu na ganinta fara da ruwan zinariya wasu shuɗiya da baƙi, ya ga wannan tsari yana aiki: hoton bai nuna irin hasken wurin ba, sai kowace ƙwaƙwalwa ta yi nata hasashen.

Abin da kyamara take yi da wannan

Kyamara ba ta da ƙwaƙwalwar da ta saba da duniya, ƙirga haske kawai take yi. Allon da ke kama haske a cikinta an rufe shi da ƙananan matatai, rabinsu kore, kwata ja, kwata shuɗi, tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976. Hasken da take ƙirgawa kuwa ba iri ɗaya ba ne. Ana auna launinsa da ma'aunin Kelvin: kyandir wajen 1,900, tsohon ƙwan lantarki mai zare tsakanin 2,700 da 3,200, ranar tsaka wajen 5,500, sararin da hadari ya rufe wajen 6,500, inuwa kuma sama da haka. Ƙaramin adadi ja-ja ne, babba kuma shuɗi-shuɗi. Dogayen fitilun ofis da wasu ƙwayayen zamani masu araha suna ƙara wani kore-kore da wannan ma'auni ba ya kamawa, shi ya sa manhajojin gyaran hoto suke da maɓalli na biyu tsakanin kore da shunayya.

Daidaita fari shi ne kyamara ta yanke shawarar wane haske ne a wurin, sannan ta ninka adadin ja da na shuɗi har farin abu ya fito fari. Hanyoyi biyu ne suka fi daɗewa. Ta farko ita ce a ɗauka cewa abin da ya fi komai haske a hoton fari ne, kuma wannan ita ake dangantawa da Retinex na Land. Ta biyu, wadda Gershon Buchsbaum ya bayyana a 1980, ita ce a ɗauka cewa idan aka gauraya duk launukan hoton za su ba da ruwan toka. Kowace tana da inda take faɗuwa. Idan wurin biki ne kowa ya sa anko ruwan goro, hanya ta biyu za ta zaci fitilar ce ruwan goro, ta zuba shuɗi don ta gyara, fuskoki su fito kamar an shafa musu toka. Idan akwai ƙwai mai rawaya a cikin hoton, ta farko za ta iya ɗaukarsa fari. Idan kuma hasken taga da na ƙwai suka haɗu a ɗaki guda, babu saiti ɗaya da zai gamsar da su biyun, sai a kashe ɗaya.

Shi ya sa ƙwararru ba sa barin kyamara ta yi hasashe. Suna ajiye kati ruwan toka, ko farar takarda idan babu, a daidai inda mutum zai tsaya, su ɗauke shi, su shaida wa kyamara cewa wannan ne ma'auni. Wasu kuma suna ajiye hoton a ɗanyensa, tsarin da ake kira RAW, don su zaɓi farin daga baya ba tare da ɓata komai ba. Wayoyin yau suna ƙara da hasashen da suka koya daga miliyoyin hotuna, suna kuma neman fuska su daidaita launi a kanta.

A nan ne zancen ya daina zama na lissafi kaɗai, domin dole wani ya zaɓi fuskar da za a koya wa na'ura. Daga tsakiyar shekarun 1950 Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati da ake kira Shirley, mai hoton farar mace, da shi ake saita injin. Binciken da Lorna Roth ta Jami'ar Concordia ta wallafa a 2009 ya nuna cewa matsin da ya sa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke kama launuka masu duhu ya zo ne daga masu sayar da cakulan da kujerun katako, waɗanda kayansu ba sa fita da kyau a talla. Sai a shekarun 1990 katin ya samu baƙar mace. Kamfanin Transsion mai Tecno, Infinix da itel ya mamaye kasuwar Afirka ne, a wani ɓangare, saboda ya saita kyamarorinsa kan baƙar fata, Google kuwa sai a 2021 ya fito da nasa gyaran mai suna Real Tone. Katin Shirley ba aikin Land ba ne, kuma adalci ne a faɗi haka. Nasa laifin wani ne daban.

Littafin fas

Dokar 1952 ta Afirka ta Kudu ta wajabta wa baƙar fata da ya kai shekara 16 ya riƙa yawo da littafi mai hotonsa, da zanen yatsunsa, da inda aka yarda ya zauna ko ya yi aiki. Rashinsa a aljihu ya isa a kama mutum. Zanga-zangar ƙin wannan littafi ce 'yan sanda suka buɗe wa wuta a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960, suka kashe mutum 69. Tsarin da ke buƙatar hotunan miliyoyin mutane cikin sauri ba abin da ya fi dacewa da shi kamar fim mai fita nan take.

Polaroid yana sayar da kayansa a ƙasar ta hannun wani dillali, Frank & Hirsch. A cikin kayan akwai na'urar yin katin shaida mai suna ID-2, wadda ke da maɓallin ƙara ƙarfin walƙiya. Masu fasahar hoto Adam Broomberg da Oliver Chanarin, da suka yi nuni da irin wannan na'ura a 2013, sun ce maɓallin yana ƙara hasken da kashi 42 cikin ɗari, kuma a ganinsu an yi shi ne don fuskar baƙar fata ta fito sarai.

A gida Amurka kuwa kamfanin yana da sunan mai sassaucin ra'ayi. Bayan kisan Martin Luther King a 1968 Land ya matsa a ƙara ɗaukar baƙaƙe aiki, aka kuma buɗe reshen horar da su a unguwar Roxbury ta Boston. Don haka lokacin da Hunter da Williams suka ci karo da samfurin katin shaida na ma'aikatar ma'adinai ta Afirka ta Kudu a cikin ginin kamfanin a 1970, abin ya zo wa ma'aikata da yawa a ba-zata. A watan Oktoba suka kafa ƙungiyar ma'aikatan Polaroid masu neman sauyi, suka gabatar da buƙatu uku: kamfanin ya fice daga ƙasar, ya yi tir da wariya a fili, ya kuma miƙa ribar da ya samu can ga ƙungiyoyin 'yanci. Suka kira a ƙaurace wa kayansa.

Da farko kamfanin ya musanta cewa yana hulɗa da gwamnatin. Daga baya ya amsa cewa fim ɗinsa yana shiga aikin fas. Ya tura ma'aikata huɗu, baƙaƙe biyu farare biyu, su je su gani, a Janairun 1971 kuma ya sayi shafuka a manyan jaridu ya sanar da abin da ya kira gwaji: zai daina sayar wa gwamnati, dillalinsa zai ƙara wa baƙaƙen ma'aikata albashi, za a kuma zuba wani kaso na riba a ilimin baƙaƙe, amma ba zai fice ba. Hujjar Land ita ce wanda ya fice ya rasa bakin magana. A watan da ya biyo baya Hunter da Williams suka tsaya gabansa a taron Niyok, suka kuma ba da bahasi gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariya, kwamitin da 'yan Najeriya irin su Yusuf Maitama Sule da Joseph Garba suka shugabanta daga baya. Kafin watan ya ƙare an kori Hunter daga aiki.

An ƙara albashin, an kuma ba da tallafin karatun. Amma ginshiƙin gwajin, wato hana gwamnati fim, ya dogara ne kacokan da alƙawarin dillalin da ke cin riba daga cinikin, kuma masanin da ba ya yarda da sakamako sai ya auna da kansa ya zauna shekara shida a kan wannan alƙawari. Wanda ya auna masa shi ne wani ma'aikacin Frank & Hirsch ɗan asalin Indiya, Indres Naidoo, wanda ya kwafi takardar kai kaya da ke nuna ana sauya wa fim kwali, a bi da lissafinsa ta wani kantin magani a Johannesburg, ya ƙare a ofisoshin gwamnati har da na fas. An riƙe takardar sai da Naidoo ya tsallake iyaka. A Nuwamban 1977 jaridar Boston Globe ta buga labarin, 'yan watanni bayan taron duniya kan yaƙi da wariya da aka yi a Legas da kuma mutuwar Steve Biko a hannun 'yan sanda. Polaroid ya bincika, ya tabbatar, ya yanke hulɗa da dillalin, ya zama babban kamfanin Amurka na farko da ya fice daga Afirka ta Kudu gaba ɗaya. A watan Disamba, Scientific American ta buga maƙalar Land mafi shahara kan Retinex. Dokar fas kuwa sai a 1986 aka soke ta.

Shekarar 1977 ba ta yi masa daɗi ta wata fuskar ba. A cikinta ya fitar da Polavision, na'urar ɗaukar majigi nan take marar sauti, mai ɗaukar abin da bai kai minti uku ba, a daidai lokacin da kaset ɗin bidiyo ya riga ya shigo kasuwa. Kamfanin ya yi asarar miliyoyin daloli. Land ya sauka daga shugabanci a 1980, ya bar kamfanin baki ɗaya a 1982, ya sayar da hannun jarinsa, ya koma Cibiyar Rowland da ya gina da kuɗinsa a bakin kogin Charles yana ci gaba da binciken launi. Ƙarar da ya shigar da Kodak a 1976 kan satar fasaha ta yi nasara a 1985, aka fitar da Kodak daga kasuwar hoton nan take, a 1991 kuma ya biya Polaroid dala miliyan 925. Kyamarar dijital ta farko, wadda Steven Sasson ya haɗa a Kodak tun 1975, ita ce ta ci kamfanonin biyu: Polaroid ya durƙushe a 2001, Kodak a 2012.

Land ya mutu ranar 1 ga Maris 1991 a Cambridge ta jihar Massachusetts, yana da shekara 81, da takardun mallakar ƙirƙira fiye da 500 da sunansa. Bayan mutuwarsa, wani mataimakinsa ya kekketa takardunsa na ƙashin kansa da rubuce-rubucen da ya bari.